Waya Ko Buhun Abinci? Lissafin Da Mai Shirin Fara Kiwo A Haɗejia Zai Yi Kafin Ya Shiga Shagon Waya



Akwai tambayar da ba ta rabuwa da bakin matasa a 'yan watannin nan: na tara ɗan jari, wayata kuma ta gaji, in fara canza waya ko in fara zuba 'yan tsaki? Wani zai ce wannan ai ba zancen kiwo ba ne. Zancen kiwo ne ƙwarai, domin a yau kuɗin babbar waya guda ɗaya ya isa ya ciyar da tarwaɗa masu yawa na tsawon makonni, kuma kuɗin data wata-wata ya zama kamar kuɗin magani, ba ya tsallake wata.

Mu fara da dalilin tsadar. Kusan duk wayar da ke hannun mutane a Haɗejia, Tecno ce ko Infinix ko itel, dukkansu na kamfani ɗaya ne, Transsion, da ke birnin Shenzhen a ƙasar Sin. Da dala ake shigo da su, su sauka Legas, su iso kasuwar Farm Centre a Kano, daga nan 'yan kasuwarmu su saro. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yanke mata farashi. Kafin nan dala tana wajen naira 750 a kasuwar bayan fage, amma a farkon 2024 ta haye 1,500. To ɗauki misalin wayar da kuɗinta dala 80 ne: da can naira 60,000 ke nan, a farkon 2024 kuma 120,000, tun ba a saka kuɗin kwastam da na mota da ribar mai shago ba. Wayar ba ta ƙara komai ba, nairar ce ta rame. Shi ya sa in ka tambayi farashi yau, mai shago zai ce maka sai dai na yau, gobe bai sani ba.

Sai kuma kuɗin kira da data. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari, alhali su ninki suka nema. Hujjarsu ita ce man dizal da ke kunna turakunsu da kayan da suke sayowa da dala. Saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6. Wasu tsare-tsaren data ma ƙarinsu ya wuce haka nesa ba kusa ba, kamar tsarin MTN na 15GB na mako da ya tashi daga naira 2,000 zuwa 6,000 a watan Fabrairun shekarar, har kamfanin ya fito ya ba masu hulɗa da shi haƙuri.

To da duk wannan tsadar, mai kiwo zai iya haƙura da waya? A'a. Yawancin 'yan tsakin da muke zubawa a Arewa daga manyan kamfanonin ƙyanƙyasa na yankin Ibadan suke tahowa, kuma ta waya ake yin oda, ta waya direba ke faɗa maka ya iso Kano ko ya kamo hanyar Haɗejia. Ɗan tsakon da ya kwana a mota, jinkirin awa biyu wajen karɓarsa asara ne. Mai kifi kuma kafin ya kwashe tarwaɗarsa yana buƙatar ya ji yadda kilo ke tafiya a kasuwar kifi ta Haɗejia da kuma a Kano, don kada dillali ya zo bakin kududdufi ya yanka masa farashin da ya ga dama. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kuwa, rabin ciniki ya koma tiransifa, ta banki ko OPay ko Moniepoint.

Amma ku duba waɗannan ayyuka da kyau. Kira, WhatsApp, duba alat, ɗaukar hoton kazar da ta kwanta ko kashin da ya canza launi a tura wa likitan dabbobi. Babu ɗaya a ciki da ke buƙatar wayar dubu ɗari uku. Abin da za ka duba a waya uku ne: batir mai ƙarfi, irin 5,000mAh, saboda halin wutar KEDCO kowa ya san shi, ga gona kuma galibi bayan gari take, sai ta kasance tana ɗaukar 4G, sai kyamarar da za ta nuna hoto sarai da rana. Ragowar duk ado ne. Ni a ganina, in jarinka bai kai dubu ɗari biyar ba, kada kuɗin waya ya haura kashi ɗaya cikin biyar na jarin, kuma in wadda ke hannunka tana buɗe WhatsApp, canza mata batir ko gilashi ka ci gaba da ita har ka sayar da zubin farko. Abinci shi ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwo, kuma buroilar da abinci ya yanke mata a mako na huɗu ba ta jiran uzuri.

Inda nake so mu ɗan tsaya shi ne wayar bashi, wadda ake ba ka ka ajiye wani abu, sauran ka riƙa biya mako-mako ko wata-wata. Tsarin yana da daɗin ji, amma bai dace da yadda kuɗin kiwo ke shigowa ba. Buroila sai ta yi mako shida zuwa takwas kafin ka ga ko sisi. Tarwaɗa wata huɗu zuwa shida. Kajin ƙwai sai wajen mako 18 zuwa 20 za su fara. Shi kuwa mai bashi ba ruwansa da wannan, ranar biya ranar biya ce, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan wayoyi akwai manhajar da ke kulle su in ka saɓa. Ka ga ke nan a daidai lokacin da kuɗinka duk suka shige cikin kaji, lokacin da ka fi buƙatar neman mai saye, shi ne lokacin da wayar za ta iya rufewa. Kafin ka sa hannu, ka ce a haɗa maka jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe, ka kwatanta da farashin kuɗi hannu. Bambancin sau da yawa ya kai kuɗin buhunan abinci. Mai albashi zai iya ɗauka, mai jiran kwashe kifi ya yi hattara.

Batun layi kuma, kada talla ta zaɓa maka. Sabis ɗin da kake samu a cikin garin Haɗejia daban yake da wanda za ka samu a fadamar Auyo ko ƙauyukan Guri da Kirikasamma. Je ka wurin da za ka kafa kejin ko kududdufin, ka ari wayar mutanen wurin, ka gwada kira da buɗe WhatsApp da safe da kuma dare. Layin da ya yi aiki a nan shi ne naka, ko da datarsa ta ɗan fi tsada. Na biyu ka riƙe shi don ko-ta-kwana, a 'yar ƙaramar waya mai madannai wadda caji ɗaya ke kai ta kwanaki. Ita ce ma ya kamata ta riƙa zuwa bakin ruwa, babbar ta zauna a aljihu ko a ɗaki, don wayoyin da kududdufi ya ci ba su da iyaka.

Data kuwa, gaskiya ba kiwo ke cinye ta ba. Saƙon murya da hotuna ba su da nauyi. Bidiyo ne ke shanye ta, awa ɗaya ta kallo na iya lashe wajen rabin GB ko fiye. Shiga saitin WhatsApp ka kashe saukar da hotuna da bidiyo kai tsaye, musamman in kana cikin guruf-guruf na masu kiwo da ake ta turo abu ɗaya sau goma. Yi amfani da Facebook Lite. Darussan kiwo masu tsawo ka sauke su da datar dare mai araha, ka kalla da rana ba tare da intanet ba. Lambobin yanzu iri ɗaya ne a kowane layi: *312# don sayen data, *323# don duba ragowarta, *310# don duba kati. In an dame ka da saƙonnin talla, tura STOP zuwa 2442, in kuma ana cire maka kuɗi ba ka gane dalili ba kuma kamfanin bai warware ba, layin ƙorafi na NCC shi ne 622, kyauta ne. Ka kuma tuna cewa daga tsakiyar 2025 kuɗin yin hulɗar banki ta lambobin USSD, naira 6.98, daga katinka ake cire shi, don haka kada ka bar layin banki babu ko kwabo ranar ciniki.

Mu da ke bakin Kogin Haɗejia muna da wani dalili na daban. Waɗanda suka ga ambaliyar 2020 da ta 2022 sun san yadda ruwa ke zuwa a Agusta da Satumba, ga kachala ta toshe hanyoyinsa. Kududdufin ƙasa in ruwa ya haye shi, kifin wata huɗu ya tafi a dare ɗaya. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, NIHSA kuma tana fitar da na ambaliya, amma labarin da ya fi saurin zuwa shi ne kiran ɗan uwa daga Ringim ko wani gari da ke sama da mu a kan kogin, ya ce ruwa ya ƙaru. Ka nemi lambar mutum biyu ko uku a can tun kafin damina. Kwana ɗaya na gargaɗi ya isa ka kewaye kududdufi da raga ko ka kwashe ka sayar.

Abu biyu na ƙarshe game da kuɗi. Layin da ke haɗe da asusun bankinka ya kasance da NIN ɗinka aka yi masa rajista, ba na yayanka ko na mai shago ba, domin in waya ta ɓata sai mai NIN ɗin ne zai iya dawo da layin. Sannan ranar sayar da kaji ko kifi, kada ka yarda da saƙon tes ko hoton rasit da mai saye ya nuna maka, alat na bogi ya yi yawa. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna a asusu, sannan a ɗora kaya a mota.