Kalmar "Pulp" da Ma'anoninta

Akwai wata 'yar kalmar Turanci mai harufa huɗu wadda ɗalibi zai gamu da ita aƙalla sau uku kafin ya gama sakandare. Malamin aikin gona zai faɗe ta sa'ad da yake bayanin 'ya'yan itatuwa. Malamin kimiyyar halittu zai rubuta ta a allo, a tsakiyar hoton haƙori. Malamin labarin ƙasa kuma zai kawo ta cikin kayan da ƙasar Kanada da Suwidin suke sayarwa. Kalmar ita ce "pulp". Ɗalibin da ya buɗe ƙamus ya haddace ma'anar farko kaɗai, ranar jarrabawa za a tambaye shi haƙori ya amsa da mangwaro. Shi ya sa muka ga ya kamata mu bi kalmar nan tun daga tushenta.

Asalinta daga Latin ne, wato "pulpa", ma'anarta tsoka, ko nama marar ƙashi. Ta shiga Turanci kimanin shekara 600 da suka wuce. Duk inda ta je tana riƙe da wannan ma'ana ta abu mai laushi, ko dai wanda yake a ciki, ɓawo ya rufe shi, ko kuwa wanda aka niƙa har siffarsa ta ɓace. Mu a Hausa muna da kalma dabam ga kusan kowanne: tsoka, ɓargo, ƙullu, markaɗe, gasara. Bature ya tattara su duka a jaka guda.

Ta 'ya'yan itace ita ce mafi sauƙi. Abin da ke tsakanin ɓawo da ƙwallo, wanda muke sha a mangwaro ko gwanda ko lemo, shi ke nan. Sai dai a lura, ba dole ne ya zama da ruwa ba. Littattafan aikin gona suna kiran farin garin da ke cikin 'ya'yan kuka da wannan suna, haka ma garin ɗorawa mai ruwan ƙwai da ke lulluɓe da kalwa. Manoman koko kuwa ba sa wanke farin abu mai yauƙi da ke jikin ƙwayar. Tara ta suke yi, su rufe da ganyen ayaba har kwana biyar ko shida, domin ruɓewar abin nan ce take ba cakulan ƙanshinsa.

A kan ma'ana ta biyu za mu ɗan daɗe, gama ta shafi lafiyarmu. Haƙori hawa uku ne. Daga waje akwai farin ɓawo, wanda ya fi kowane abu tauri a jikin mutum, ba shi kuwa da jijiya ko ɗaya. A ƙarƙashinsa akwai wani hawa mai kama da ƙashi. Can tsakiya sai wani ɗan rami cike da nama mai laushi, da jijiyoyin jini, da jijiyoyi masu jin zafi. Wannan naman ne likitoci suke kira "pulp", mu kuwa muna iya ce masa ɓargon haƙori. Ƙwayoyin cuta da ke cikin baki suna cin sukarin alewa da biskit da lemon kwalba, su fitar da wani abu mai tsami wanda yake huda ɓawon a hankali. Muddin ramin yana waje, mutum ba ya jin kome. Idan ya fara jin ruwan sanyi har cikin kansa, ramin ya kusa ɓargo. Idan kuwa ciwon ya hana barci, ya riga ya isa.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Sai a sa kanumfari ko a sha maganin ciwon kai, bayan 'yan kwanaki ciwon ya ɗauke, a ce an warke. Gaskiya ne kanumfari yana kashe zafi na ɗan lokaci, amma ba ya cike rami. Sau da yawa ɗaukewar ciwon alama ce ta cewa ɓargon ya mutu. Cutar tana nan tana gangarawa zuwa saiwar haƙori, har ta tara ruwa, kumatu ya kumbura. Wanda ya je asibiti da wuri, cike ramin kawai za a yi. Wanda ya makara, sai likita ya kwashe mataccen ɓargon ya wanke ramin ya toshe, in kuwa abin ya wuce nan, a cire haƙorin ɗungum. Ɗalibai masu ɓoye alewa a ƙarƙashin filo, da ku muke.

Ma'ana ta uku tana hannunku yanzu haka, domin takardar da aka buga wannan mujalla a kanta daga ƙullu ta fito. Wani ma'aikacin fadar sarkin Sin mai suna Cai Lun ne ake ba lambar gyara sana'ar a shekara ta 105. Ɓawon itace da tsummoki da tsohuwar komar kamun kifi ya jiƙa, ya daka, ya shimfiɗa ƙullun a kan rariya ya bushe. Turawa ma da tsummoki suka yi ta yin takarda shekaru aru-aru, har tsumman ya kasa. A 1719 wani Bafaranshe, Réaumur, ya lura da rina, yadda take kankare busasshen itace ta tauna shi da miyau ta gina gidanta. Duk wanda ya taɓa ɗaukar tsohon gidan rina ya san takarda ce sosai. Amma sai a 1844 ne wani Bajamushe, Friedrich Keller, ya ƙera injin niƙa itace ya zama ƙullu.

Hanya biyu ake bi. Ko dai a niƙa itacen da inji kawai, ko a dafa shi da magunguna domin a narkar da wani abu kamar ƙaro mai suna lignin, wanda yake manne zaren itace. Hanyar farko ta fi araha, amma lignin yana nan a ciki, iska da hasken rana kuwa suna rina shi. Dalilin ke nan da ya sa tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo suka koma ruwan ƙasa suna karyewa a hannu. Nijeriya ma ta shiga wannan sana'a. Masana'antar takarda ta Jebba ta fara aiki a 1969, ta Oku Iboku mai yin takardar jarida a 1986, aka kuma dasa dazuzzukan malaina domin ciyar da irin waɗannan injuna. Cikin shekarun 1990 aikinsu ya tsaya.

Daga wannan takarda mai araha ne kalmar ta tsallaka zuwa adabi. A 1896 wani Ba'amurke, Frank Munsey, ya mai da mujallarsa Argosy ta zama ta labarai zalla, a kan takarda mafi araha, yana sayarwa senti 10. Wasu suka bi sahu da labaran 'yan sanda da ɓarayi, da na soyayya, da na tafiya sararin sama. Labarin Tarzan a irin wannan mujalla ya fara fitowa a 1912. Marubutan, yawanci senti ɗaya ake biyansu a kan kowace kalma, saboda haka sauri suke yi, wa zai tsaya gyara? Da haka sunan takardar ya koma sunan labarin, "pulp fiction", wato labarin da ake karantawa yau a ƙunshe ƙosai da shi gobe. Daga nan fim ɗin Quentin Tarantino na 1994 ya samo sunansa. A ganinmu dai rainin ya yi yawa. Dashiell Hammett da Raymond Chandler, waɗanda ake nazarin littattafansu a jami'o'i, a mujallar Black Mask suka koyi hannu. Irin wannan gardama aka yi a nan gida a kan littattafan soyayya da wasu suka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano.

Kalmar tana zama aikatau kuma. Idan kamfanin ɗab'i ya buga littafi bai sayu ba, sai a mayar da shi injin niƙa ya sake zama ƙullu, a ce an yi "pulping" ɗinsa. Idan kuma kun karanta cewa an doki wani "to a pulp", kada ku wahalar da kanku da neman mangwaro ko takarda. Lilis aka yi masa, yadda ake yi wa barkono a turmi.

Saura wata mai kama da ita wadda muke ji kowace Lahadi, wato "pulpit", mumbarin da mai wa'azi yake tsayawa a kai. Harufa huɗu na farko ɗaya ne, amma ba dangi ba ne. Ita daga wata kalmar Latin dabam ta fito, "pulpitum", wato dandamalin katako da 'yan wasan kwaikwayo na Roma suke hawa domin jama'a su gan su, su kuma ji muryarsu.