Ɓarawon da Ba Ya Haura Katanga

Tun da aka gano zinariya a Jado a shekarar 2014, sannan a Cibarakaten, kuɗi suke ta kai da komo tsakanin daji da garin Agadas. Matashi yana can bakin rami, ko yana leburanci a Sabha ta Libiya, iyalinsa na unguwar Dagamanet ko Sabon Gari suna jiran aike. A da, direban da aka yarda da shi ake damƙa wa saƙo. Yau aikin ya koma hannun kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza, da asusun salula irin su Airtel Money. Sauƙi ya samu, amma 'yan damfara ma sun samu ƙofa.

Abin da ya kamata kowa ya gane shi ne, mafi yawansu ba su da wata ƙwarewa ta fasa waya. Roƙo suke yi cikin dabara, mai waya ya miƙa musu da hannunsa. Wani zai kira ka da ladabi ya ce daga kamfanin layinka yake, za a rufe asusunka yau in ba ka faɗi lambar sirri ba. Wani zai turo saƙon da ya yi kama da na shigar kuɗi, ya biyo da kira yana marairaicewa, wai kuskure ya yi, ka taimaka ka mayar masa da jaka hamsin. In ka duba asusunka za ka tarar ko dala ba ta shigo ba. Wani kuma mahaɗin intanet zai watsa a WhatsApp, da alƙawarin aiki a wata ƙungiyar agaji ko kyautar data, shafin ya nemi sunanka da lambarka da hoton katin ɗan ƙasarka.

Wanda ya fi ciwo shi ne satar suna. Duk mai son buɗe WhatsApp ɗinka a wayarsa, lambobi 6 ne ake turowa layinka, su kaɗai yake buƙata. Da zarar ka karanta masa su, ya zama kai. Zai rubuta wa yayarka cewa motarku ta lalace kusa da Dirku, a turo kuɗi da gaggawa. Ta san hanyar, ta san ƙishirwar Tenere, ba za ta tsaya dogon tunani ba. Da tausayinmu da nisan da ke tsakaninmu ake cutar mu. Hoton katinka kuma ana iya yin rajistar layi da shi, a yi ta'asa, bincike ya ƙare a ƙofar gidanka.

Kariyar ba ta cin ko sisi. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar lambar sirri, don haka duk wanda ya nema, kashe wayar. In ɗan'uwa ya nemi kuɗi a rubuce, kira shi ka ji muryarsa, ka tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp. Kada shekarar haihuwarka ta zama lambar sirrinka. Lambar karɓar aike kuma, mai ita kaɗai za a faɗa wa.

Nijar tana da doka mai lamba 2019-33 da ke hukunta laifukan intanet, tana kuma da hukumar HAPDP mai kare bayanan jama'a. Sai dai doka ba ta aiki in wanda aka cuta ya yi shiru saboda kunya. Ka ajiye saƙonnin da lambar da ta kira ka, ka sanar da kamfanin nan take, ka kai ƙara kwamisariya ko wurin jandarmomi.

Matasa masu karatu, nauyin yana wuyanku. Ku zauna da iyayenmu da ba sa iya karanta saƙo, ku bayyana musu da Hausa da Tamashek cewa lambar sirri ba a faɗa wa kowa, komai daɗin bakinsa.