Zafin da ke Tafiya a Banza

Uwargida, in kin hura wuta yau da yamma, ki miƙa hannu kusa da gefen tukunya. Zafin da ya bugi tafin hannunki bai shiga abinci ba, iska ce ta kwashe shi. A murhun duwatsu uku, in aka raba zafin itace kashi goma, da ƙyar kashi biyu ke shiga tukunya. Sauran duk asara ne.

Hayaƙi kuwa itace ne da bai gama ci ba. Kin biya kuɗinsa, bai dafa miki komai ba, ga shi ke da goyonki kun shaƙe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutane wajen miliyan 3.2, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000. Ciwon huhu yana cikin manyan cututtukan da hayaƙi ke jawo wa yara. Saboda haka tattalin itace tattalin lafiya ne.

Tafasa ruwan sha

Ruwa yana tafasa a wajen digiri 100. Da zarar ya tafasa, ko kin tura itace nawa ba zai ƙara zafi ba, sai dai ya ƙare a tururi. In ya tafasa sosai har yana birkicewa, minti ɗaya ya isa ya kashe ƙwayoyin cutar gudawa da kwalara. Ki sauke, ki bar shi ya huce a rufe. Ki sa murfi tun daga farko, gama tururin da ke fita da zafi yake tafiya. A asibiti ana kulle tururi cikin tukunyar tsabtace kayan aiki har ya kai digiri 121. Haka tukunyar matsi take yi, shi ya sa wake ke saurin nuna a cikinta.

Abin da za ki iya yi

Ki yi amfani da busasshen itace. Ɗanye sai ya ƙone ruwan jikinsa kafin ya ba ki wuta.

Ki kare murhu daga iska, ko ki gina masa bango da laka. A Nijar an san murhun ƙarfe Mai Sauƙi, wanda ke tattara wuta a gindin tukunya.

Ki jiƙa wake tun da dare.

In abinci ya tafasa, ki janye itace, ƙaramar wuta ta isa.

In butar lantarki ta yi farin datti a ciki, ki wanke da ruwan lemun tsami, domin dattin yana tare zafi.

Tattalin da ke kashewa

Lokacin sanyi wasu sukan shiga da kaskon gawayi ɗaki, su rufe ƙofa da taga don kada ɗumi ya fita. Kada ki yarda. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, ba a kuma ganinta. Takan fara da ciwon kai, jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa yana iya wucewa bai farka ba. In haka ta faru, a fitar da mutum waje nan take, a kai shi asibiti.

Ki gwada murfi da busasshen itace na mako ɗaya, ki ƙirga ɗaurin da kika saya. Ki kuma saurari tarin yaranki da dare.