Hanyar Jirgin Ƙasa ta Baro zuwa Kano da Abin da Ta Bari a Arewacin Zazzau

Sau da yawa in aka tambayi almajiran makaranta yadda jirgin ƙasa ya zo Kano, sai su ce daga Ikko aka jawo hanyar har ta iso. Wannan kuskure ne, kuma ya kamata malamai su gyara shi, domin yana ɓoye wani babban al'amari na tarihin ƙasar nan. Hanyar da ta fara isa Zariya da Kano ta Gwamnatin Arewa ce, tana da nata suna da nata ma'aikata, kuma daga Baro ta taso, a bakin Kwara.

A zamanin nan Arewa da Kudu ba a haɗe suke ba, kowace da gwamnanta da baitulmalinta. Lugga, wanda ya fara riƙon Arewa, ya daɗe yana neman a yi hanyar da za ta haɗa Kano da kogi, don kayan Arewa su sami mafita zuwa teku ba sai sun bi ta Ikko ba. Bai ga an yi ba har ya tashi cikin 1906. Wanda ya gaje shi, Sir Percy Girouard, soja ne mutumin Kanada, gwanin aikin hanyar jirgi, shi ne ya shimfiɗa wa rundunar Ingila hanya cikin hamadar Sudan. Cikin 1907 Gwamnatin Ingila ta yarda, aka sa John Eaglesome ya shugabanci aikin. Shawarar Girouard ita ce a yi hanya mai araha, a ƙiyasin kimanin fam 3,000 kowace mil, a bar ƙawa da manyan gine-gine sai ciniki ya kankama.

Tsawon hanyar mil 356 ne, faɗin tsakanin ƙarafanta ƙafa uku da rabi. Daga Baro ta bi ta Badegi ta hau Minna, ta ƙetare kogin Kaduna a wurin da garin Kaduna ya kafu daga baya, sa'an nan ta shiga Zariya. Daga nan zuwa Kano kimanin mil 90 ne, inda ta ratsa ta Likoro a ƙasar Kudan, da Gimi a ƙasar Makarfi, kāna ta faɗa ƙasar Kano ta Dangora da Madobi da Challawa. Ƙarafa da injuna duk ta ruwa aka kawo su Baro, a 'yan watannin da Kwara ke cika. Ƙarfe ya isa Kano cikin watan Maris na 1911, aka buɗe hanyar ga jama'a cikin 1912.

To, su wane ne suka yi aikin? Ba a ba wani kamfani kwangila ba. Razdan ya faɗa wa Sarki, Sarki ya faɗa wa hakimai, su kuma su ɗora wa dagatai, kowane ƙauye ya kawo adadin mazan da aka yanka masa. Ana biyansu lada, amma wanda aka kira ba shi da ikon ƙi. Da diga da kwando suka sare daji, suka cike kwari, suka fasa tudu. Saboda haka har yau in tsoho ya ce "aikin diga", wahala yake nufi. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda aka yi aikin a zamaninsa, ya tsara waƙa a kansa wadda aka sani da Waƙar Diga, tana kuwa cikin muhimman shaidun da muke da su daga bakin Bahaushe game da zuwan jirgi. Har wa yau, ladan nan da aka riƙa biya da tsabar kuɗin Turawa yana cikin abubuwan da suka watsa sule da kwabo cikin ƙauyuka, wuri ya fara ja da baya.

Babban abin da Turawa suka sa rai a kai shi ne auduga, don masaƙun Ingila. Ƙungiyar nan ta B.C.G.A., wadda aka kafa cikin 1902, ta dasa injin gurza a Zariya. Amma fa masaƙan Kano da Zazzau sukan sayi auduga da tsada fiye da yadda Bature zai iya biya, manomi kuwa ya san inda riba take. Sai manoman Kano suka juya ga gyaɗa. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar cikin 1912 ba ta kai tan 3,000 ba, amma cikin 1913 ta haura tan 19,000. Watau an yi hanya don wani abu, talakawa suka zaɓa mata wani. A arewacin Zazzau auduga ta riƙe matsayinta, sai dai jaki da ɗan dako, waɗanda dā sukan yi kwanaki tsakanin Kano da Zariya, suka koma kai kaya daga ƙauyukan Ikara da Makarfi da Kudan zuwa tasha mafi kusa.

Sunan hanyar bai yi tsawon rai ba. Hanyar Ikko ta zo ta haɗu da ita a Minna, kuma cikin Oktoba 1912 Lugga, da ya komo, ya gama su biyu ƙarƙashin hukuma ɗaya, shekara guda da 'yan watanni kafin a haɗe Arewa da Kudu cikin 1914. Da aka gama gadar Jebba cikin 1916, jirgi ya riƙa wucewa Ikko kai tsaye. Baro kuwa, da yake manyan jiragen ruwa ba su iya isa can sai da damina, ta zama reshe, sannu a hankali aka daina bi.

Zariya ce ta ci gajiyar abin, don ta zama mararraba. Daga nan aka fitar da ƙaramar hanyar nan mai faɗin ƙafa biyu da rabi, wadda ake kira ta Bauchi ko da yake ba ta je garin Bauchi ba. Ta bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama, ta isa Jos da Bukuru cikin 1914 don ɗauko kuza, aka rufe ta cikin 1957. Wata kuma ta nufi Funtuwa da Gusau, ta isa Ƙauran Namoda cikin 1929. Ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa baƙi su ne suka cika Sabon Garin Zariya.

Ko da yake sunan ya ɓace daga takardun hukuma tun 1912, alamunsa suna nan ga mai nema: gadoji, da tsofaffin tashoshi, da kalmomi irin su diga da reluwe da tasha, waɗanda suka zauna cikin Hausa daram. Abin da ya fi saurin ɓacewa shi ne labarin waɗanda suka yi aikin, domin rahoton Turawa ya ƙidaya mil da fam, bai rubuta sunan mai kwando ba. Malamin da ke koyarwa kusa da Gimi, ko Likoro, ko Kurmin Kogi, zai yi babban taimako in ya aiki almajiransa wurin dattawa su rubuto abin da suka ji daga kakanninsu: wa ya kira su, kwana nawa suka yi, me aka ba su, wa ya noma musu gona kafin su komo.