Koyon Japananci Daga Gida: Abin da Ya Kamata Iyaye da Matasa Su Sani

A watan Agusta na 2025 labari ya bazu cewa Japan ta ware wa 'yan Nijeriya wani gari mai suna Kisarazu, har da biza ta musamman. Gwamnatin Japan ta ce babu wannan zance, shiri ne na zumunci tsakanin garuruwa kawai, kuma a watan Satumba hukumar JICA ta janye shi. Muna tuna wannan domin kada wani ya sayar da akuya ko buhun masara ya kai wa mai alkawarin "darasi da biza". Ana iya fara koyon harshen a gida, kyauta.

Gidan rediyon NHK na Japan yana da darussa 48 masu suna Easy Japanese, da bayani cikin Turanci, Faransanci da wasu harsuna. Hukumar Japan Foundation kuma ta fitar da littafin Irodori a 2020, ana sauke shi tare da muryoyinsa daga intanet ba a biyan ko kwabo. Mutum ɗaya ya sauke a waya ranar kasuwa, inda akwai sabis, sauran su karɓa daga wurinsa. Babu bayani da Hausa, saboda haka a nemi mai jin Turanci a cikin ƙungiya.

Ga abin ƙarfafawa, 'yan'uwa: kunnen mai jin Hausa ya riga ya yi rabin aikin furuci. Wasulansu biyar ne, a, i, u, e, o, kamar namu. Suna jan wasali ma'ana ta sake, yadda muke bambanta gari na zama da gari na tuwo. A wurinsu obasan goggo ce ko inna, obaasan kuwa kaka ce. Suna ninka baƙi kamar baba da babba: kite na nufin "zo", kitte kuwa kan sarki ne na wasiƙa. Har hawa da saukar murya suna da shi, ame ruwan sama, ame alewa. Bature yakan sha wuya a nan, mu kam ba baƙon abu ba ne.

Wahalar tana wajen rubutu. Akwai hiragana mai haruffa 46, da katakana mai 46, waɗanda mai naci zai iya haddacewa cikin 'yan makonni da alli da allo. Sai kanji, alamomin da aka aro daga Sin. Jerin da gwamnati ta tsayar a 2010 don amfanin yau da kullum ya kai 2,136, yaransu ma shekaru suke yi a kai. Wanda ya ce zai koya maka karanta jarida cikin wata uku, ka riƙe kuɗinka. Aikatau kuma a ƙarshen jimla yake zuwa, kamar a ce "ni tuwo ci".

Ba a raba harshen da ladabi. Suna rusunawa wajen gaisuwa, suna tuɓe takalmi a bakin ƙofa, suna ƙara "san" bayan sunan mutum amma ba a bayan nasu ba. Maganar da za a yi wa babba dabam take da ta aboki, ya fi namu "ku" zurfi sosai.

Mai son shaida sai ya rubuta jarrabawar JLPT, mai matakai biyar daga N5, na masu farawa, zuwa N1. Ranar Lahadi ake yin ta, a farkon Yuli ko Disamba, don haka a shirya tun da wuri. Takardar tana nuna ƙwarewa ne kawai, ba izinin shiga ƙasa ba ce. Zancen biza ko tallafin karatu na gwamnatin Japan, ofishin jakadancinsu a Abuja za a tambaya, ba ɗan kamasho ba.