Wasa Madubin Hali: Gidajen Makarantar Hogwarts da Wasannin da Suka Dace da Su

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce hali zanen dutse ne. A kan irin wannan tunani ne marubuciyar nan ta ƙasar Birtaniya, J. K. Rowling, ta gina makarantar Hogwarts, wato makarantar kwana ta koyon sihiri da ta ƙaga a cikin littattafanta bakwai na Harry Potter, waɗanda suka fito daga 1997 zuwa 2007. A wannan makaranta akan kasa ɗalibai gida huɗu, kowane gida da halin da aka san shi da shi. Masu sha'awar littattafan sun daɗe suna gwada haɗa kowane gida da wasan da ya dace da shi daga cikin wasanni dangin dara, wato waɗanda ake yi a zaune a kan allon wasa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi wannan haɗi da ma'auni guda ɗaya, sa'an nan ta nuna inda ma'aunin ya tsaya. Ma'aunin kuwa shi ne: wane hali ne dokokin wasa suke saka wa mai shi da nasara?

2.0 Gidajen Huɗu

Kasa ɗalibai gida-gida tsohuwar al'ada ce ta makarantun kwana na Ingila, kuma ta iso mu tare da ilmin boko. Kwalejin Barewa ta Zariya, alal misali, tana da gidaje irin su Lugard da Ɗan Hausa da Bello Kagara. Sai dai a makarantunmu ba a duban halin yaro kafin a ba shi gida. A Hogwarts kuwa, ranar da yaro ɗan shekara 11 ya iso, akan ɗora masa wata tsohuwar hula mai magana, ita ce za ta leƙa zuciyarsa ta faɗi gidan da zai zauna har shekara bakwai.

Gidan Gryffindor na jarumai ne, alamarsa zaki. Gidan Slytherin na masu dogon buri da wayo ne, alamarsa maciji. Gidan Ravenclaw na masu basira da son ilmi ne, alamarsa gaggafa. Gidan Hufflepuff kuwa na masu haƙuri da riƙon amana da aiki tuƙuru ne, alamarsa wata dabba dangin dage.

3.0 Kowane Gida da Wasansa

3.1 Gryffindor da Risk

Wani Bafaranshe mai shirya fina-finai, Albert Lamorisse, shi ya fito da wasan Risk a 1957. Allon wasan taswirar duniya ce da aka raba yanki 42 a cikin nahiyoyi shida, kowane ɗan wasa yana neman mamaye su da rundunarsa. Ana yanke hukuncin kowane gumurzu da 'yar ƙwayar nan mai fuska shida da ake jefawa a wasan lido. Mai kai hari yana iya jefa uku, mai tsaron gida biyu kawai, amma in lambobinsu suka zo daidai mai tsaron gida ne ya ci. Ashe ke nan duk wanda ya kai hari bai san abin da zai tarar ba. Duk da haka dokar wasan ba ta ba ɗan wasa katin ƙarin mayaƙa sai ya ci yanki aƙalla ɗaya a zagayensa. Wanda ya noƙe a gida, abokan hamayyarsa za su yi ta ƙaruwa har su haɗiye shi. Wannan shi ne ainihin jaruntaka irin ta Gryffindor, wato a san akwai hatsari kuma a taka. Aibin gidan ma yana nan a cikin wasan, domin mai gaggawar da ya baza rundunarsa ko'ina yakan wayi gari ba shi da iyakar da zai iya tsarewa.

3.2 Slytherin da Diplomacy

Hausawa sun ce yaƙi ɗan zamba ne, kuma da wuya a sami wasan da ya gaskata wannan magana kamar Diplomacy, wanda Ba'amurke Allan B. Calhamer ya fitar a 1959. Mutum bakwai ke yin sa, kowa yana riƙe da ɗaya daga manyan daulolin Turai na kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Babu ƙwayar da ake jefawa, saboda haka babu wanda zai ɗora wa sa'a laifi. Kafin kowane zagaye 'yan wasa sukan keɓe biyu-biyu ko uku-uku su ƙulla yarjejeniya, sa'an nan kowa ya rubuta umarninsa a ɓoye, a buɗe su gaba ɗaya. Dokar wasan ba ta tilasta wa kowa cika alkawarin da ya ɗauka ba. Cibiyoyi 34 ne a kan allon, wanda ya mallaki 18 shi ya ci. Ba mai kaiwa ga wannan adadi ba tare da abokin ƙawance ba, kuma da wuya ya kai ba tare da ya juya wa abokin baya ba. Dogon buri da sanin lagon mutane, waɗanda su ne jarin Slytherin, su ne jarin wannan wasa. Amma wanda aka sani da yawan saɓa alkawari tun da wuri ba ya ƙara samun mai ƙulla magana da shi.

3.3 Ravenclaw da Scrabble

A cikin labarin, ƙofar gidan Ravenclaw ba ta buɗuwa sai mai shiga ya amsa kacici-kacici. Wasan da ya dace da irin waɗannan mutane shi ne Scrabble, wanda Alfred Mosher Butts ya ƙirƙira a Amurka a 1938, aka kuma raɗa masa wannan suna a 1948. Allonsa yana da gurbi 225, ana kuma gina kalmomi a kai da ƙwayoyin haruffa, waɗanda guda 100 ne a wasan Ingilishi. Kowane ɗan wasa yana riƙe da bakwai, in ya zuba su duka a kalma ɗaya a ƙara masa maki 50. Wanda ya fi tara kalmomi a ka, ya kuma fi saurin hango su a cikin tarkacen haruffa, shi ke gaba. A 2015 ɗan Nijeriya Wellington Jighere ya zama zakaran duniya na wannan wasa a birnin Perth na Ostireliya, shi ne kuma ɗan Afirka na farko da ya yi haka.

3.4 Hufflepuff da Pandemic

Wasanni ukun da suka gabata duk na neman kayar da abokin zama ne. Pandemic, wanda Matt Leacock ya fitar a 2008, ya sha bamban, domin 'yan wasa biyu zuwa huɗu ne ke haɗa kai su yaƙi cututtuka huɗu da ke yaɗuwa a birane 48 na duniya, ciki har da Legas da Khartum. Kowa da aikinsa, wani likita, wani mai bincike, kuma kowa taku huɗu kacal yake da shi a zagayensa. In annoba ta ɓarke sau takwas, kowa ya faɗi. In an gano maganin cututtukan huɗu, kowa ya ci. A nan hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma sau da yawa taku mafi amfani shi ne mutum ya miƙa wa ɗan'uwansa katin da ke hannunsa. Haka halin Cedric Diggory yake, ɗan Hufflepuff ɗin da ya nemi a sake wasan da gidansa ya ci saboda abokin karawarsa ya faɗi ba da laifinsa ba.

4.0 Inda Ma'aunin Ya Tsaya

Mai karatu zai lura ba a ba kowane gida wasan ces ba, wato darar nan mai gurbi 64 da ta taso daga Indiya, Larabawa suka kira ta shaɗaranji. Da za a tambayi mutane, da yawa za su ce ta Ravenclaw ce, tun da wasan tunani ne. Amma Rowling da kanta ɗan Gryffindor ta ba gwanintar wasan, wato Ron Weasley. A ƙarshen littafi na farko, yara uku sun tarar da wani ƙaton allo inda su da kansu za su tsaya a matsayin 'ya'yan wasa. Ron ya tsaya a gurbin doki, ya lissafa ya ga babu hanyar ci sai ya bari sarauniyar abokan gaba ta buge shi, ya kuwa yi hakan. A taku ɗaya ya haɗa lissafin Ravenclaw da tarkon Slytherin da amanar Hufflepuff da ƙarfin zuciyar gidansa.

Darar da muka sani a gida ma haka take. Gurbi 30 ne, kowa da 'ya'ya 12. Lokacin zuba su ana bukatar hangen nesa, lokacin turawa ana bukatar haƙuri, jera uku a ci ɗan abokin wasa yana bukatar wayo, kuma wani lokaci dole a bar ɗa guda ya tafi domin a ci biyu. Gwanin dara ba ya rayuwa da hali ɗaya.

Labarin kansa ya tabbatar da wannan. Hermione Granger ta fi kowa ƙoƙari a ajinsu, amma Gryffindor ta shiga. Peter Pettigrew ɗan gidan jarumai ne, amma tsoro ya sa ya ci amanar abokansa. Harry kuwa hular ta so ta kai shi Slytherin, shi ya roƙa kada a kai shi.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa haɗa wasa da gida yana da amfani matuƙar an dubi abin da dokokin wasan ke nema, domin ta haka ne za a gane mene ne jaruntaka ko wayo a aikace. Hatsarin yana wajen ɗaukar lamarin a matsayin hukunci. Yaron da aka ce masa tun yana ɗan shekara 11 shi mai wayo ne kawai, ko mai haƙuri ne kawai, yana iya ƙin zama a gaban allon da aka ce ba nasa ba ne. Alhali kuwa allon da ba nasa ba shi ne zai koya masa abin da ya rasa. Malamin da ya ga ɗalibi mai gaggawa, gara ya zaunar da shi a wasan haɗin kai, mai noƙewa kuma a ba shi ƙwaya ya jefa. In hali zanen dutse ne, to dutsen yana da fuska fiye da ɗaya, kuma akwai wadda ba a riga an zana ba.