Karatun fasto: hawa uku kafin a riƙe jama'a

Karatunmu na yau ya shafi aikin fasto, wato shugaban majami'ar Kirista. Ko kai Musulmi ne, ko kai Kirista ne, ba ka rasa ganinsa ba a Maraɗi, ko Damagaram, ko Galmi, ko Yamai. Shin ka taɓa tambaya yadda ake zama fasto? Gado ne? Ko mutum yana tashi da safe ne kawai ya ce shi fasto ne? A'a. Karatu ne mai tsawo, hawa-hawa. Bari mu duba shi tare.

Mi ya sa sai da karatu?

Ka san yadda malami yake samuwa a wurinmu. Yaro yana farawa da allo. In ya sauke, sai ya shiga makarantar ilimi, ya zauna gaban malamai shekara da shekaru. Sai bayan haka mutane su yarda ya ba su fatawa. To, su ma Kirista haka suke yi wa shugabanninsu.

Dalili shi ne nauyin da ake ɗora wa fasto. Shi ke wa'azi ranar Lahadi. Shi ke yin baftisma, ya ɗaura aure, ya binne mamaci. In miji da mata sun saɓa, wurinsa suke zuwa. Kuɗɗin baiko da talakawa suke tarawa, shi da dattawan majami'a ke lura da su. Ka ga ke nan amana ce. In shugaba ya fahimci littafi a karkace, jama'a duka za su bi shi a karkace. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Hawa na farko: makarantar Littafi Mai Tsarki

A ƙasarmu, abin ya faro ne da ƴan mishan na ƙungiyar SIM. Sun zauna Damagaram a shekarar 1924. Bayan ƴan shekaru suka buɗe wani wuri a Tsibiri, kusa da Maraɗi. A 1950 suka buɗe asibitin Galmi. A 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Tun daga nan, manomi wanda ya iya baƙaƙe yana iya karanta shi da kansa.

Masu bishara na farko ba su yi lakwal mai nisa ba. Da yawansu sai da suka girma suka koyi a, ba, ca, kamar yadda kake yi yanzu. Daga nan suka shiga ƙaramar makarantar Littafi Mai Tsarki, inda ake koyarwa da Hausa. Ta garin Agye, cikin jihar Maraɗi, sananniya ce. A irin wagga makaranta, ɗalibi yakan zo da matarsa da ɗiyansa. Yana karatu, yana noma abin da za su ci. Matar ma tana nata karatu. In sun gama, sai a tura su ƙauye.

Hawa na biyu: makarantar tauhidi

Tauhidi shi ne ilimin sanin Allah. Kirista masu jin Hausa su ma da wagga kalma suke amfani. Mai son shiga wanga hawa sai yana da takardar bak, wato ya gama babbar lakwal ta lise. Karatun da Faransanci ne, ko da Ingilishi in a Najeriya ne. Bayan shekara 3 ko 4 ake samun takardar farko, wadda ake kira lisans.

Hawa na uku: zurfin karatu

Wanga shi ne hawan da ya fi kowane wuya. Wanda ya samu lisans yana ƙara shekara 2 ya samu takardar masta. In ya ƙara shekara 3 ko fiye, sai ya zama dakta. Ba dakta mai allura ba, dakta na ilimi. A nan ɗalibi ba saurare kaɗai yake yi ba. Sai ya zaɓi matsala guda, ya bincika ta, ya rubuta littafi a kanta. Sa'an nan ya tsaya gaban malamai, su yi ta yi masa tambayoyi, ya kare abin da ya rubuta.

Mi ake karantawa a cikin waɗannan shekaru? Ga manyan fannoni huɗu.

Na ɗaya, harsunan asali. Ba da Hausa ko Faransanci aka fara rubuta Littafi Mai Tsarki ba. Tsohon Alkawari da Ibrananci ne, da ɗan Aramanci kaɗan. Sabon Alkawari kuwa da Helenanci ne, harshen mutanen Girka. Kamar yadda malami yake neman Larabci don kada ya dogara ga fassara kaɗai, haka ɗalibin tauhidi yake neman waɗannan harsuna. Ibrananci ma daga dama zuwa hagu ake rubuta shi, kamar Larabci.

Na biyu, littattafan su kansu. A wurin Kirista masu bin tafarkin bishara, littafi 66 ne: 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabo. A wurin Katolika 73 ne. Ɗalibi sai ya san wa ya rubuta kowane, don su wa, kuma a wane zamani.

Na uku, tarihin ikilisiya, wato jama'ar Kirista, na shekara kusan 2000. A nan ɗalibi yake gane cewa addinin ya daɗe a Afirka, a Masar da Habasha, tun kafin Turawan mulkin mallaka su zo.

Na huɗu, aikin kiwon jama'a: yadda ake shirya wa'azi, yadda ake sulhu, yadda ake gaida marar lafiya, yadda ake rubuta shiga da fitar kuɗɗi. Ana tura ɗalibi wata majami'a ya yi aiki ƙarƙashin tsohon fasto. Da koyo akan iya.

Ina makarantun suke?

Da can, mai son zurfin karatu sai ya ƙetare teku, ya tafi Ingila ko Amurka. Wani mutumin Kwoi, a kudancin Kaduna, mai suna Byang Kato, ya bi wagga hanya. An haife shi a 1936, ya samu takardar dakta a Dalas ta Amurka a 1974. Da ya dawo sai ya dage a kan a gina manyan makarantun tauhidi a nan Afirka, don ɗalibi ya yi karatu kusa da jama'arsa. Ya rasu a ƙasar Kenya a 1975, yana da shekara 39. Bai ga cikar burinsa ba. Amma a 1977 aka buɗe makarantar FATEB a Bangi, babban birnin Afirka ta Tsakiya, don ƙasashe masu amfani da Faransanci. A Najeriya kuma akwai TCNN ta Bukuru, wadda ta fara karatu a 1959, da JETS ta Jos, wadda aka kafa a 1980.

Su Katolika nasu tsari daban ne. Shugabansu fada ake ce masa, kuma ba ya aure. Dokarsu ta ce karatunsa ba ya kasa shekara 6: aƙalla 2 na falsafa, 4 na tauhidi. Ƴan Nijar da yawa a Burkina Faso suka yi nasu. Laurent Lompo, mutumin yankin Makalondi, ya zama fada a 1997. A 2013 ya zama bishop, ɗan Nijar na farko da ya kai wanga matsayi.

Wahalar da ke ciki

Kada ka ɗauka hanyar shimfiɗe take. Kirista ba su da yawa a Nijar, kuma mafi yawansu talakawa ne. Majami'a sai ta yi karo-karo kafin ta tura mutum guda karatu. Iyalinsa suna jira, gonarsa tana jira.

Akwai kuma wata matsala. Mutum ya yi shekaru yana tunani da Faransanci. Ya dawo, ya tsaya gaban tsofaffi a ƙauye. In bai iya juya iliminsa zuwa Hausa mai sauƙi ba, to, mi aka yi ke nan? Wasu kuma in sun ɗanɗana birni ba su son komawa karkara. Don haka hawa uku ɗin nan kowane yana bukatar ɗan'uwansa. Dakta yana koyar da malamai, yana gyara fassara, yana rubuta littattafai. Mai bishara na ƙauye shi ke zaune da mutane rani da damina.

Karatun yana kuma koya wa fasto sanin maƙwabcinsa, don a makarantu da yawa ana karanta addinin Musulunci da al'adun gargajiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A watan Janairu na 2015 an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai. A cikin kwanakin nan akwai Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista. Shugabannin Kirista kuma suka yi kira da a yafe, kada a rama. A irin wagga rana ake gane amfanin shugaba mai ilimi da haƙuri. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Rabonka a ciki

Mai karatu, kai ma kana da aiki. Takarda kaɗai ba ta sa mutum ya zama na kirki. Yanzu da ka iya karatu, ba sai an karanta maka ba. In shugaba, na majami'a ko na masallaci, ya ce an rubuta kaza, kana iya tambaya cikin ladabi: a ina aka rubuta? In an tara kuɗɗi, kana iya duba kayen da aka rubuta lissafi. Jama'a masu karatu su ke sa shugaba ya tsaya kan gaskiya. Gemu ba ya hana ilimi. Ka ci gaba da zuwa aji.

Tambayoyi

1. Waɗanne ayyuka ne fasto yake yi wa jama'arsa?
2. A wace shekara aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa?
3. Mi ya sa ɗalibin tauhidi yake koyon Ibrananci da Helenanci?
4. Mine ne burin Byang Kato?
5. Ku tattauna a aji: ta yaya iya karatu yake taimakon jama'a su lura da amanar da suka ba shugabansu?